Zaren Wuyan Inna

Ina 'yar shekara takwas, wata la'asar a Maigatari, Inna ta miƙo mini zaren da take auna maƙoƙon wuyanta. Akwai ƙulli a inda ya tsaya wancan watan. Na zagaya mata shi, bakin zaren bai kai ƙullin ba.

"Ya ƙaru ko, Uwata?"

Na ja zaren har ya nutse a fatarta. "Yana nan yadda yake, Inna."

Ta yi hamdala, ta fasa zuwa asibiti a Gumel. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Jiya likita ya shafa wuyana, ya ce ƙari ne, sai an yi aiki. Abu ɗaya na roƙe shi: duk abin da ya auna, ya faɗa mini, kada ya tausaya mini.