Inuwa a Ƙasar Sanyi

Tanimu, na ji ka ce za ka rushe dakalin ƙofar gidanka, wanda tsofaffin nan uku suke zama a kai, ka gina babban falo don jama'a su yawaita. Gidanka ne, ban hana ka ba. Amma kafin ka kira magina, ba ni aron kunnenka.

An yi wani mai sayar da kanwa, mutumin ƙasar Daura, wanda bayan rasuwar matarsa ya kasa zaman gida, ya bi makiyaya har kan dutsen Mambila ya kafa bukka. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Tudu ne bayan tudu, duk ciyawa, sai ka yi tafiyar rabin wuni ba ka ga bishiyar da za ka ɗaure jaki ba. Gajimare yana saukowa har ƙofar ɗaki, sanyi kuwa ba ya duba wata. Gidaje a warwatse suke, kowane tudu da nasa. Arzikin mutumin ɗaya ne: a gangaren bayan bukkarsa akwai marmaro mai ruwa garai-garai. Kullum da safe matan tuddai uku sukan zo ɗiba, suna hira suna dariya, da rana makiyaya su kawo shanu, su sayi kanwa. Ba ya jin rabin abin da suke faɗa, amma murya ai murya ce. Sukan ce masa, "Bahaushe, an tashi lafiya?" ya amsa, su wuce. Shi kuwa wucewar nan ce take cin ransa, don kaɗaici ya riga ya zauna masa a ƙirji. Ya saba da garin da kowace ƙofa take da darbejiya, kowace darbejiya take da majalisa. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa rashin inuwa ne yake hana mutane zama wurinsa. Bawan Allah, bai taɓa lura ba cewa a can ba a gudun rana, nemanta ake yi. Tsoho ma idan zai huta, hantsi yake bi.

Ya ɗauki fartanya ya hau gangaren da ke saman marmaron. A idonsa ciyawa dai ciyawa ce, alhali jama'a ce guda a zaune. Akwai doguwa mai tsiro dunƙule-dunƙule, ita ke tare iska. A gindinta akwai gajeriya mai yaɗo, da ƙananan furanni rawaya da shuɗi masu tsirowa bayan an ƙona daji, da wani mai kai kamar albasa a ɓoye cikin ƙasa, can ƙasan duka kuma gansakuka kullum a jiƙe. Saiwoyinsu sun sarƙe kamar saƙar tabarma, ƙasar baƙa ƙirin, idan ka matse ta sai ruwa ya ɗiga. Wata tsohuwa cikin masu ɗiban ruwa ta sauke tulunta ta ce, "Malam, ciyawar nan ita take ajiye mana ruwan damina, tana sako shi kaɗan-kaɗan. Ka bar ta." Ya yi murmushin wanda ya ga duniya ya ce, "Inna, mu a garinmu nome ciyawa ake yi, ba a roƙonta." Ya kankare gangaren tas, ya dasa itacen turare, don an ce masa ya fi kowane itace saurin girma.

Ba a yi masa ƙarya ba. Cikin shekara shida itatuwan suka yi tsawon da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu. Sai dai a ƙarƙashinsu babu abin da ya sake tsirowa, busasshen ganye ne kawai. Furanni suka ɓace, ƙudan zuma suka daina zuwa. Ruwan sama da a da yake nutsewa ya koma gangarawa da jar laka. Marmaron ya rame, tulun da ake cikawa kafin a gama gaisuwa ya koma sai an yi jira. A rani na bakwai ya ƙafe ƙaf. Matan suka koma wani kwari mai nisa, shanu suka bi su, masu sayen kanwa suka bi shanu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi masa gori, hanyar ƙofarsa ce kawai ta mutu. Ya sassaƙa benci, ya shimfiɗa tabarma a inuwar da ya sha wahalar samu, ya dafa shayi, shayin ya huce. Shi kansa bai iya daɗewa a wurin ba, sanyi yake kora shi ya ja tabarmarsa zuwa rana. Ya sare itatuwan don ruwa ya dawo, kututturan suka sake tohowa, ciyawar kuwa ba ta dawo ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, Tanimu, idan iska ta kaɗa ganyen turaren da safe, yakan ji kamar hirar mata ce a gangare. Sai ya fito da sauri yana gyara hula, bakinsa ɗauke da amsar gaisuwa, ya tarar ba kowa.

To, tsofaffinka uku ba su da yawa, na sani, hirarsu ma guda ce kullum. Amma su ne suke ce maka an tashi lafiya. Hausawa sun riga sun gama magana: garin neman gira, a rasa ido.