Baƙin Ɗigo a Farar Ƙwallo

Ɗigon farko ya bayyana ne a jikin farar ƙwallo, daidai lokacin da Nev Tuckey ya sunkuya a kan teburin sunuka zai fasa jerin ƙwallaye. Baƙi ne, bai wuce ƙwayar masoro ba. Nev ya danne dariyarsa, ya saci kallon Raelene mai zuba giya. Ita kuwa goge kofi take yi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya ce a ransa, lallai yarinyar nan ta iya aiki.

Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar sunukar mashayar, wadda za ta tafi gasar bakin teku, kuma mutum biyu ke nemansa: Nev mai walda, da tsoho Clarrie Dunstan, wanda ke riƙe da gurbin tun Nev yana yawo ba takalmi. A wasan gaskiya Nev bai taɓa cin tsohon ba. Amma ya san abin da ke tsorata shi. Matar Clarrie ta makance kafin ta rasu, kuma da ganin ɗige-ɗige abin ya fara mata.

Shi ya sa Nev ya sayo baƙin alƙalami, irin wanda ake rubutu da shi a jikin ƙarfe, ya damƙa wa Raelene, tun da ita ke goge ƙwallaye tsakanin wasa da wasa. Aikinta ta ɗiga wa ƙwallayen, na sauran kuma su rantse ba su ga komai ba. Ya saya wa 'yan mashayar giya, suka yi dariya suka amince. Raelene ta karɓi alƙalamin ta jefa ƙarƙashin kantar mashayar.

A irin wannan aika-aika duk garin ba kamar Nev. Shi ne ya taɓa liƙe ƙofar bayan gida da walda alhali ɗan sandan garin yana ciki. Shi ne kuma mai bugun ƙirji cewa bai taɓa sa baƙin gilashin walda a wurin aiki ba, wai na ragwaye ne, shi runtse ido kawai yake yi.

Ranar Asabar ɗin da aka sa wasan, rana ta ƙwalle, fankar sama tana juya iska mai zafi, mashaya ta cika. Clarrie ya goga alli a kan sandarsa, ya zuba ƙwallo uku a rami a jere. Nev ya jira ya ga hannun tsohon ya fara rawa. Shiru.

A wasa na biyu ɗigon ya ƙara girma, ya kuma bi sauran ƙwallayen, ja da rawaya duka. Duk ƙwallon da Nev ya auna, ga shi nan a tsakiyarta, komai birgimar da ta yi yana fuskantarsa. Wato ta kowane gefe Raelene ta ɗiga. Ta ma zarce, don yanzu shi kansa abin ya fara ɓata wa saiti.

"Tsoho, ƙwallayen nan ba su yi maka wani iri ba?" in ji Nev, yana ƙyafta wa jama'a ido.

"Zagayayyu ne dai, yaro," Clarrie ya amsa. "Kai ne ka mai da su masu kusurwa."

Aka kwashe da dariya. Nev ya taya su, amma kunnuwansa sun yi ja. Sai kuma wani tunani ya faɗo masa wanda ya fi na farko daɗi: tsohon ba daurewa yake yi ba, ɗigon ne ba ya gani sam. Ashe da gaske idon ya tafi, sabo ne kawai ke buga masa.

Wasan ƙarshe Nev bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Clarrie ya share teburin, ya tura baƙar ƙwallo ta ƙarshe a hankali cikin ramin kusurwa. Kowa ya san dokar gida: wanda aka ci bai jefa komai ba, sai ya sauke wando ya zagaya tebur. Tuni aka fara buga kofuna a kan kanta.

Nev bai taɓa bel ɗinsa ba. Ya fizgi farar ƙwallo ya kai ta har hancin tsohon.

"Makaho za ku kai gasa? Dubi nan, Baba! Ɗigo kamar kashin tunkiya, tun ɗazu yana gabanka. Ni na sa aka yi, kowa a nan ya sani. Je ka nemi sandar matarka, tana nan bayan ƙofa tana jiranka."

Bugun kofuna ya tsaya. Clarrie ya karɓi ƙwallon, ya jujjuya ta a tafin hannunsa. Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana duban Nev, ba kuma da fushi ba. Ya ajiye ta a kan tebur, ya ɗauki hularsa ya fita.

Nev ya juyo yana dariya, ya ce to wasa ya ƙare, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wannan ya dubi takalminsa, wancan ya dubi fanka. Ya daka musu tsawa cewa ya isa haka, sun cinye giyarsa, su buɗe baki.

Raelene ce ta sa hannu ƙarƙashin kantar, ta turo masa alƙalaminsa. Yana cikin ledarsa, ko ɓarewa ba a yi ba.

Nev ya ɗago ya dube ta, sai ga ɗigon a tsakiyar fuskarta.