Tiyon Malam Habu

Ina aji biyu na sakandare, in ban manta ba, Malam Habu mai koya mana kimiyya ya kwashe mu zuwa bakin kanal ɗin ban ruwa, don shinkafar gonar makaranta tana bushewa. Shugaban makaranta ya biyo mu a fusace.

"Malam, wannan yana cikin manhaja? Mayar da su aji, ko ka ga takardar tuhuma!"

Malam bai ɗago ba. Ya nutsa tiyo ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya tsallakar da shi gaɓa, ya saki. Ruwa ya haura tudu, ya gangara gona.

"Ranka ya daɗe, babin matsin iska ke nan."

Yanzu ni ma malami ne, sai dai ban kai Malam Habu ƙarfin hali ba; har yau ni matsoraci ne. Amma nawa ɗaliban, bakin kanal nake kai su.