Takalmin da Mahauci Ya Jefa a Kogi

Zauna, Sallau, ajiye sifanan nan. Tun da Tanimu ya zo garejin nan masu mota suka fara tambayarsa da suna, ko abinci ba ya maka daɗi. Yanzu kuma na ji kana neman a tura shi can baya wajen akwalar motoci, wai don ya ɓace wa idon mutane. Ba sai ka rantse ba, a fuskarka na gani. Bari in buga maka misali da ƙwallon Amurkawa, wadda na sha kallo lokacin da aka tura mu kwas ƙasarsu. Ba irin tamu ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, rungumarta ake yi a ruga, ƙarti goma sha ɗaya suna neman su kayar da kai kafin ka kai ƙarshen fili. A farkon zamaninta kuwa 'yan wasa kowa da sana'arsa, ƙarshen mako ake haɗuwa a gwabza.

To, ka ɗauka a wani ƙaramin gari mai sanyi akwai wani mahauci. Shekara bakwai shi ne mai ruga wa ƙungiyar garin da ƙwallo, in ya ratsa kasuwa har ɗaga masa hula ake yi. Kwatsam sai ga wani manomi ya shigo ƙungiyar, dogo, mai ƙafa kamar faranti, ba ya ko iya gaisuwar kirki don kunya. Amma in ya rungumi ƙwallo, sai dai a ga ƙeyarsa. Kafin wata uku, mutanen da ke zuwa sayen nama sun koma tambayar mahauci labarin manomi. Kai, abin nan ya ci shi. Yana sara ƙashi yana jin kamar a ƙirjinsa ake sarawa. Manomi bai taɓa yi masa komai ba, har ƙwai yake kawo masa daga gona, shi kuwa ƙwan ma haushi yake ba shi. Ana haka sai labari ya zo cewa wata babbar ƙungiya ta birni za ta aiko wakili ya kalli wasan ranar Lahadi, kuma mai gudu ɗaya tak zai ɗauka. Mahauci ya san shekarunsa sun ja, in wannan ta wuce shi ba wata. Ranar Asabar aka wuni ana ruwa, fili ya zama taɓo. Duk ɗan wasa ya san a taɓo takalmi mai ƙusoshi shi ne rai, wanda ba shi da shi ko taku uku ba zai yi ba. Da la'asar mahauci ya shiga ɗakin ajiyar kaya, ya ɗauke takalmin manomi, ya bi ta kan gada ya sake shi a kogi. Ya san duk garin ba mai ƙafa irin ta manomi da zai ara masa takalmi. Nasa kuwa ya kai wa mai gyara, aka cire ƙusoshin aka sa masa waɗanda suka fi tsawo, ya koma gida yana murmushi.

Gari ya waye da wani irin sanyi wanda kai ba ka taɓa jin kamarsa ba, ni na ji, har yau yana ƙashina. Taɓon nan duk ya daskare, fili ya koma ƙanƙara, tauri kamar daɓen siminti. Manomi ya nemi takalminsa sama da ƙasa bai gani ba. Hankalinsa ya tashi, don ba abin da ya rage masa sai tsohon kambas mai tafin roba da ya tako da shi daga gona. Haka ya shiga fili, 'yan kallo suna ta yi masa dariya, mahauci ya fi kowa. To amma ƙusa taɓo take kamawa, ba ta huda ƙanƙara. Ana busa usur ƙartin nan suka fara zamewa suna zubewa, wanda ya fi kowa shan ƙasa kuwa shi ne mai dogayen ƙusoshi. Sau uku ana miƙa wa mahauci ƙwallo, sau uku yana faɗuwa tun ba wanda ya taɓa shi. Robar manomi kuwa ta kama ƙasa gam. Ya bi ta tsakaninsu yana kauce musu a tsanake, ya kai ƙwallo ƙarshen fili har sau huɗu. Da aka tashi, wakilin birni ya zo ya kama hannunsa, ya tambaye shi wa ya ba shi dabarar sa wannan takalmi. Manomi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba dabarata ba ce, ranka ya daɗe. Wani ne ya ɗauke nawa, kuma da na san shi da na gode masa." Mahauci yana gefe a zaune, yana dafe da ƙugu, duk a kunnensa. Ranar Litinin manomi ya hau jirgin ƙasa zuwa birni, mahauci kuma ya koma kan wuƙarsa. Gadar nan ita ce hanyarsa ta zuwa mayanka, kullum sai ya bi ta kanta safe da yamma.

Saboda haka, Sallau, tura Tanimu wajen akwala in ka ga dama. Ranar da ya tayar da motar da kowa ya fid da rai da ita, da hannunka ka ɗaga shi, kuma kana tsaye za a yi ta yabonsa. Tashi ka ɗauki sifananka ka gyara naka aikin. Hausawa sun riga sun gama magana: hassada ga mai rabo taki ce.