Layin Bulona

"Alhaji, mi Baba ya yi maka?"

Ko sallama ban yi ba na faɗa ofishin, kwalin sabuwar waya a hannuna. Yanzun nan aka gama tafa mini a gidan bulon Alhaji Yari da ke Ƙofar Guga, ni ne na fi kowa buga bulo a watan nan. Ina juyowa na ga mahaifina, wanda shi ma a nan yake buga bulo, yana naɗe tabarmarsa. An sallame shi.

"Muttaka, ni ban kore shi ba," in ji Alhaji, ko ɗago kai bai yi ba. "Tun farko na faɗa: na gaba ya ɗauki waya, na baya ya ba wani wuri. Layin bulonsa ya fi na kowa gajarta."

"Shekararsa nawa yana yi maka bauta? Tsufa laifi ne?"

Na buga ƙofa na fito. Mudassir mai kwaɓa mana siminti ya tare ni, idonsa jajir.

"Wai tsufa? Kai ne tsohon! Baba ya fi ka sauri har gobe."

"To mi ya gajarta layinsa?"

Ya nuna mini dogon layin nan nawa da aka yi wa tafi.

"Tun ranar da ya ji kana cewa wayar nan kake so, duk sanda ka tafi cin abinci a layinka yake juye nasa bulon."