Yajin Ranar Litinin

Duk ranar Litinin, kafin Martina ta gama share ƙofar shagonta a unguwar Muchia, sai wayar shagon ta yi ƙara. Oda ce ta intanet: kwalbar yajin daddawa ɗaya, sunan mai saye Diana, adireshi Samaru. A biya, jim kaɗan kuma a soke.

Diana ita ce 'yarta tilo. Ita ta buɗe wa uwar shafin sayar da yaji, ita ke karɓar oda, har ranar da suka yi faɗa a kan karatun jinya da ta bari. Martina ta faɗi maganar da uwa ba ta gaya wa 'yarta. Yarinyar ta ajiye wayar shagon a kan tebur, ta ɗauki jakarta ta fita. Tun daga nan lambarta ba ta shiga.

Amma odar nan ba ta fashi, ko ana ruwa, ko Litinin ɗin Ista.

"Kunya take ji," in ji Martina ga maƙwabciyarta. "Ta saya, sai zuciya ta hana ta. Halin ubanta ne sak. Ai dai tana tuna ni."

Sai ta riƙa cika kwalba ɗaya tana ajiyewa gefe, da citta da yawa yadda Diana ke so. Ba ta kai mata ba. Ta ce a bar yarinya ta sauko da kanta.

Wata Litinin wayar ta yi shiru. Martina ta share ƙofa, ta sake sharewa. Da rana ta take, ta sa kwalbar a jaka, ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Samaru, tana roƙon Allah ya sa ba ciwo ba ne.

A gidan da ke adireshin odar ta tarar da Ayomide, ƙawar Diana da suka haɗa shafin tare. Ayomide ta ce Diana ta koma Jos tun bara, ta ɗauka Mama ta sani.

"To, lafiyarta kuwa? Yau ba ta yi oda ba."

Ayomide ta karɓi wayar shagon daga hannun Martina, ta ɗan daddanna.

"Au, gwajin ne ya tsaya. Ai ba mutum ba ne, Mama. Tun ranar da muka buɗe shafin muka saita kwamfuta ta riƙa saye tana sokewa, don kada wurin biya ya lalace ki yi ta rasa ciniki ba ki sani ba. Sunan Diana kawai muka sa. In sake kunna miki?"