Muryar Auta

Kujerun ɗakin jiran na roba ne, an ɗaure ƙafafunsu da waya don kada su watse. A ta ƙarshe Yaya take zama duk farkon wata, jakarta a cinya, Auta a gefenta yana murza hularsa.

Binciken da asibitin ke yi na matasa ne waɗanda taɓin hankali ya taɓa shiga gidansu. Tun ranar farko likitar ba ta ɓoye musu komai ba: ba magani ake rabawa a nan ba, ido ake sawa, ko a gano wanda ciwon ke hari kafin ya kama shi. Ƙa'idar wurin kuwa, kowa ya zo da ɗan gidansu, a shiga da kowanne shi kaɗai a yi masa tambayoyi.

Auta ne ma ya tsinto sanarwar, ya zo ya ajiye wa Yaya a kan keken ɗinkinta. Abin ya daɗe yana cin ta. Wato yaron ya ji a jikinsa. Su biyun nan suka ga yadda Inna ta ƙare: ta fara da toshe tagogi da tsumma, ta koma zagin mutanen da babu su, daga nan sai ɗakin asibiti mai ƙarfe a taga, inda ta cika ba ta gane kowa ba. A bakin gadon Yaya ta ɗauki alkawarin Auta ba zai bi wannan hanya ba.

Shi ba ya jimawa a ciki. Ita ake riƙewa, har jini sukan ɗiba a hannunta. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Wa ya san yaron kamar ita?

"Ya batun barci?" in ji likitar, ta kunna rikoda.

"Nawa ko nasa?"

"Fara da naki."

"Ke dai likita, kin fi tsohuwar unguwa son jin cikin gida."

Suka yi 'yar dariya, amma ta Yaya ba ta yi nisa ba. Ta daɗe tana rufe maganar, don faɗinta kamar miƙa Auta ne da hannunta. Yau ta gaji da riƙo.

"Ya fara," ta ce. "A gabana ba ya cewa uffan. Amma da na ɗaga ƙafa daga kan keke, sai in jiyo shi ta bango yana ta zuba shi kaɗai. Jiya da rana tsaka har kirana ya yi. Wai zaren da nake ɗinki da shi daga likkafanin Inna aka zaro shi."

"Kin tabbata muryarsa ce?"

"Haba likita. Ni na goya shi."

Likitar ta miƙa yatsa ta kashe rikodar.

"Faɗa mini tsakaninki da Allah," in ji Yaya. "Cikin yaran da kuke sa wa ido, in mutum ya kai nan, yana dawowa?"

"Wasu."

Haka aka ce musu lokacin Inna.

Likitar ta buɗe ƙofa ta yafito Auta. Ya shigo tare da wani dattijo mai farin gemu, ma'aikacin wurin, da kullum yake shiga da shi. Yaya ta tashi ta tallafi fuskar ƙanin nata da hannu biyu, kamar yadda take yi tun yana rarrafe.

"Kada ka ji tsoro, ɗan Inna. Ina nan."

Ya zuba wa bakinta ido har ta gama. Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. Sannan ya juya wajen dattijon, ya ɗaga hannuwansa, yatsun suka shiga aiki.

"Ya ce haka Inna ta fara," dattijon ya fassara a hankali, "shi ya sa ya kawo Yaya."

Gama Auta kurma aka haife shi, bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba a duniya.